Neman shawara: bitar wasan kwaikwayo da ɗaukar fim ga malaman makaranta a Kaduna

Malamar Tudun Wada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa malamai da masu harkar fim da ke wannan zaure, shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayanina.

Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a Tudun Wada, kuma darasin da ke hannuna shi ne CCA, darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. Duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san halin da ake ciki. A manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa shekara tara na ilimin farko, an haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo wuri guda, aka ɗora wa malami ɗaya. Ni Hausa na karanta a NCE. Wadda ke riƙe da aji uku zane ta karanta. A cikinmu babu wadda aka taɓa nuna wa yadda ake tsayar da yara su yi wasa. Saboda haka sai mu cika allo da ma'anar wasan kwaikwayo da ire-irensa da aikin darakta, yara su kwafa, su haddace, su juye mana a jarrabawa. Yaro sai ya gama aji uku da maki mai kyau, alhali bai taɓa miƙewa gaban aji ya zama wani mutum na minti biyu ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaran nan sun iya. Akwai wani a ajina, in ka yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa har ka gaji ka wuce. Da azumin bana, bayan goma ga wata da aka fara tashe, na gan shi a ƙofar gidanmu da gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, yana dogara sanda yana karkarwa irin ta tsofaffi. Shi ke ba da waƙa, ayarin yara na amshi. Murya tar, ba in'ina, ba tsoro, matan gida har da leƙowa. Washegari a aji ya koma sunkuyar da kai. Tun ranar nake tambayar kaina, me muke yi wa yaran nan a aji da yake kulle musu baki?

Ni da wasu abokan aiki mun yanke shawarar shirya wa kanmu bita a dogon hutu, cikin watan Agusta. Wata mai makarantar kuɗi a Unguwar Sanusi ta ba mu aron zaurenta na kwana uku. Zuwa yanzu mu ashirin da huɗu ne: malaman firamare, na ƙaramar sakandare, da huɗu daga Islamiyya. Kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa don abinci da man janareta. Kyamara ba mu da ita, sai wayoyin hannunmu.

Ba na son irin bitar da muka saba, a zaunar da mu a jere, wani ya haska rubutu a bango yana karanta mana, a raba lemo da biskit, a sa hannu a takardar alawus, a ba mu satifiket mu kai ƙasan akwati. Ina so ranar da aka koma makaranta kowane malami ya shiga aji ya yi abin da a da ba ya iyawa.

To da me za mu fara, wasan dandamali ko ɗaukar fim? Kwana uku zai ɗauki duka biyun? Wa za mu gayyato wanda ba zai tsawwala mana kuɗi ba? Sannan iyayen yara, waɗanda da sun ji an ce fim sai ransu ya ɓaci, ta ina za mu ɓullo musu? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Wasan kwaikwayo na rediyo na yi har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Unguwar Dosa, jikata ce ke buga mini wannan a waya.

Garin nan ba baƙon wannan sana'a ba ne. A 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan Kaduna, kuma daga nan ne Arewa ta san su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da marigayi Kasimu Yero. Samanja soja ne na gaske, barikin da yake kwaikwayo a cikinsa ya zauna, shi ya sa in ya buɗe baki kowa ya yarda da shi. Malamanki ma abin da suka sani za su kwaikwaya.

Ranar farko a tattara wayoyi a zuba a kwali. A ture bencina jikin bango, a yi da'ira. Malami ya saba tsayawa gaban allo yana ba da umarni, kuma babu abin da yake tsoro kamar a yi masa dariya. In ba ku karya wannan tsoron da safiyar farko ba, sauran kwana biyun asara ce. A fara da murya. Mutum ya tsaya jikin wannan bango ya yi wa na wancan bango magana, ya ji shi sarai ba tare da ihu ba. Daga ciki numfashin zai fito, ba daga maƙogwaro ba. Malaman da muryarsu ke dishewa kafin Alhamis za su gode miki a kan wannan kaɗai.

Daga nan ki ba su jimla guda: "Ina ka kai kuɗin?" Wannan ta faɗe ta a matsayin uwa da ta aiki ɗanta awo ya dawo hannu rabbana. Wancan ya faɗe ta a matsayin mai shago da yaron shagonsa ya ci amanarsa. Wata kuma a matsayin yaya da ta riga ta san inda kuɗin suka shiga, so take ƙaninta ya faɗa da bakinsa kafin babansu ya dawo daga kasuwa. Ba a canja ko kalma ɗaya ba, amma mutum uku za ku ji. Nan malami zai gane cewa wasa ba haddar magana ba ce. Kafin kowace fitowa tambaya biyu ake yi: wannan mutumin me yake so, kuma wa ya tare masa hanya? In babu amsa, hira kawai ake yi.

Masu kunya kuma, a ɗaura igiya a rataya zanen gado, su koma baya su yi wasan, sauran su zauna su saurara. Wadda ba ta iya haɗa ido da kowa, in ta shiga bayan labule za ki sha mamaki. A can baya a ajiye faranti da cokali, da tsintsiya, da bokitin ruwa da moɗa, da tire cike da yashi wanda za a riƙa buga takalmi a ciki don a ji tafiya. Da irin waɗannan muka yi aiki shekara da shekaru. A aji ma wannan yana ba yara da yawa abin yi: wasu na magana, wasu na sauti, sauran su faɗi abin da suka gane da abin da ya shige musu duhu.

Saura wanda ya fi damuna. Nakan je bikin raba kyaututtuka a makarantu, kuma kusan duk wasan da malamai suka shirya hanya ɗaya yake bi. Yaro ya faɗa shaye-shaye ko yarinya ta ƙi karatu, abu ya lalace, sai mai unguwa ko hedimasta ya fito ya yi minti biyar yana nasiha, a tafa. Yara sun san nasihar nan tun ba a fara ba, shi ya sa suke hira a baya. Ku cire mai nasihar nan. In uwa ta buɗe adakarta ta ga sarƙarta babu, ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, kowane yaro a wurin ya gane, ba sai an yi masa sharhi ba.

Ɗan Edita Kawo:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina neman alfarma kada wayoyin nan su kwana uku a kwali. Anti, ɗalibanki suna kallon TikTok a wayar yayyensu kullum, wasu ma suna ɗauka suna ɗorawa. In malami bai iya ba, babu mai nuna musu na kirki.

Ni ɗaukar biki da tace bidiyo nake yi. Rashin kyamara kada ya dame ku. Yaran nan na The Critics a nan Kaduna suka tashi, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka riƙa haɗa gajerun finafinan almarar kimiyya. A 2019 duniya ta san da su, a 2020 J.J. Abrams, mai shirya finafinai na Amurka, ya aiko musu da kayan aiki.

Sauti ne ke kashe fim ɗin waya. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba wucewa zai yi. Kun zaɓi Agusta, tsakiyar damina. In rufin zauren kwano ne ba silin, da ruwa ya sauko an tashi daga ɗauka. Janareta da fanka a kashe su lokacin ɗauka. Ga dabarar da ba ta cin ko sisi: waya ɗaya na ɗaukar hoto, ta biyu a kunna mata rikoda a sa a aljihun gaban rigar mai magana, ko a ɓoye a kan tebur bayan littafi. Kafin a fara wani ya shiga gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wurin tacewa tafin nan za a nema a hoton da a sautin a daidaita su. In akwai ɗan kuɗi, ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga ya fi komai amfani.

Taga ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. In tana bayan ɗan wasa fuskarsa za ta yi baƙi ƙirin, tagar ta yi fari fat. A waje kuma da hantsi ko bayan la'asar, don rana tsaka tana zurma idon mutum cikin inuwa. Farin kwali irin na zane, wani ya riƙe ya karkato da haske kan fuska, ya isa. A goge gilashin kyamarar, a kashe layi don kada kira ya yanke ɗauka, a danna fuskar ɗan wasa a allon wayar a riƙe har ta kulle don kada hasken ya riƙa hawa da sauka. Kada a zuƙo hoto da yatsa, mai ɗauka ya matsa da ƙafarsa.

Wanda zan so a kwashe rabin yini a kansa shi ne wannan. Sabon hannu yakan kafa waya wuri guda daga nesa ya ɗauki komai kamar taron siyasa. A koya musu kowace fitowa sau uku ake ɗaukar ta: na nesa da zai nuna inda ake, na tsakiya daga ƙugu zuwa sama, da na kusa, fuska ko hannu. A misalin Baba, na nesa ɗakin ne, na tsakiya tana buɗe adakar, na kusa yatsunta na laluben ƙasanta. In kuma mutum biyu na magana, a ja layi da alli a ƙasa daga wannan zuwa wancan, mai ɗauka ya tsaya ɓangare guda kada ya tsallaka. In ya tsallaka, a fim sai a ga su biyun sun fuskanci gefe ɗaya kamar ba da juna suke ba.

Fim kada ya wuce minti uku. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka shafi uku, 'yan wasa uku, wuri ɗaya. Manhajojin waya irin su CapCut ko KineMaster sun isa tacewa. Kada a tura ɗanyen bidiyo ta WhatsApp, matse shi yake yi ya lalace, a yi amfani da Xender. Ƙafar kyamara kuwa, mai walda a Panteka zai haɗa muku da guntun rodi in kun nuna masa hoto. Ni zan zo in Allah ya yarda, kuɗin mota kawai za a ba ni.

Tsohon Ɗalibin Samaru:

Malama, sannu da ƙoƙari. A ganina kwana uku ba zai ɗauki biyun ba, kuma in aka matsa, fim ne zai cinye wasan, don waya tana da jan hankali. Za a tashi da malamai da suka iya yanka bidiyo amma ba su da labarin ɗauka.

Wasan kwaikwayo na karanta a ABU. Tun tsakiyar shekarun 1970, zamanin da malami Michael Etherton ke koyarwa a can, sashen nan ya ɗauki hanyar fita da wasa daga jami'a zuwa wurin jama'a, daga baya su Farfesa Oga Steve Abah suka ɗora. Dandalin da muka yi karatu a ciki ma da ƙasa aka gina shi, zagayayyun ɗakuna da fili a tsakiya. Ana tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo ba tare da rubutaccen wasa ba. Sai sun zauna da mutane a majalisa da kasuwa sun ji abin da ke damunsu, sannan su gina wasa a kai, su koma su yi shi a gaban waɗanda suka ba da labarin.

Haka zan so ku yi. A raba malamai rukuni huɗu, kowane rukuni ya kawo matsala guda da ya gani da idonsa a makarantarsa. Kada a ce "illar jahilci", wannan ya yi faɗi. A ce yarinyar da kullum sai ƙarfe tara take zuwa saboda sai ta sayar da kokon mahaifiyarta, malamin horo kuma na jiranta a bakin get da bulala. A yi wasan har daidai inda ya ɗaga bulalar, sai mai jagora ya tafa ya ce a tsaya, ya tambayi masu kallo wa ke da wata hanya. Wanda ya ce yana da ita ba daga zaune zai faɗa ba. Zai taso ya karɓi matsayin yarinyar ko na uwar ya gwada, shi kuma mai bulala ya ci gaba da taurin kansa yadda na gaske zai yi. Wani ɗan ƙasar Brazil, Augusto Boal, shi ya shahara da wannan salo. Na ga an yi irinsa da iyaye a zaune, wata uwa ta taso ta shiga ta ce, in ba a sayar da kokon ba da me za a sayi littafin da kuke koro ta a kansa? Daga nan aka fara maganar gaskiya tsakanin malamai da iyaye.

Game da masu koyarwa, ki rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen a Zariya ki nemi ɗaliban ajin ƙarshe ko na digiri na biyu. Ɓangaren kyamara kuma ga sashen aikin jarida na Kadpoly da na KASU, wato jami'ar jihar Kaduna, nan kusa da ke.

Abban Sadiq:

Ni dai tambaya gare ni, ba da raini ba. Yaro yana aji ɗaya na sakandare bai iya karanta layi biyu ba, na Hausa ko na Turanci. Ba gara kwana ukun nan a yi su a kan koyar da karatu ba? Dirama ai ta wanda ya ƙoshi ce.

Malamar Tudun Wada:

Abban Sadiq, tambayarka a kan hanya take, kuma ina da irin yaran nan a ajina, ba ɗaya ba ba biyu ba. Amma in na ce a buɗe shafi kaza a karanta, wanda bai iya ba ɓuya yake yi a bayan na gabansa har a kaɗa ƙararrawa. In kuwa na miƙa masa takarda na ce kai ne mai keke a wasan ranar Juma'a, ga maganarka layi huɗu, zai bi yayarsa har kicin ta karanta masa, ya yi ta maimaitawa yana bin kalmomin da yatsa, don ba ya so ya ji kunya gaban abokansa. Karatu ke nan, kuma shi ya nema da kansa. Waɗanda suka ɗan iya su za su rubuta maganganun, in gyara musu ƙa'idar rubutu a kan abin da suka damu da shi. Ban ce wasa zai maye gurbin koyar da baƙi da wasali ba. Cewa nake yana ba yaro dalilin da zai sa ya wahala a kansu.

Hajiya Shugabar Makaranta, Rigasa:

Malama, ni ta ɓangaren iyaye zan yi magana, don ni ake kawo wa ƙara ofis.

Kada ki bari uba ya fara jin labari daga bakin 'yarsa cewa Malama ta sa mu a fim. Rawa da waƙa ne za su zo masa a rai, kuma in ya hau dokin zuciya saukowa sai an sha wuya. Kafin a fara komai da yara a kira taron PTA, a gayyato liman da mai unguwa, malamai da kansu su yi musu wasan minti biyar su gani. Malaman Islamiyya huɗun nan ki sa su a gaba, an fi jin maganarsu.

Bidiyo kuma daban yake da wasan aji. Wasa in an gama ya wuce, bidiyo yana nan har yarinya ta isa aure. Duk yaron da fuskarsa za ta fito sai da takardar amincewa da sa hannun uba ko mariƙi, a rubuta da Hausa, a faɗi inda za a nuna shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta wajabta neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. A makarantata ana haskawa ne a zaure ranar taro, ba a ɗorawa a Facebook ko TikTok, kuma malami ba ya tafiya da shi gida a wayarsa. Ku ware wa wannan awa guda cur a bitar, kada a bar shi sai ana naɗe tabarma.

Sai rabon matsayi. Yara ba sa mantuwa. Wata yarinya ta taɓa fitowa a mayya a wasanmu, ta iya ƙwarai, aka yi ta tafi. Sunan ya bi ta har ta gama makaranta, ƙannenta ma 'yan gidan mayya ake ce musu a layi, mahaifiyarta ta zo ofishina tana hawaye. Mugun matsayi malami ya ɗauka, ko a riƙa juya shi tsakanin yara da yawa don kada ya manne wa ɗaya. Kada kuma a ɗauko labarin gidan wani yaro yadda 'yan aji za su gane. Namiji da mace ba sa fitowa a miji da mata a wurina. Mace ta sa hula da babbar riga ta zama maigida yadda 'yan mata ke yi a tashe, iyaye ma sun fi samun natsuwa.

Malaman kansu kuma a lura da su. Tun jarrabawar gwaji ta 2017 da ta raba malaman firamare sama da 21,000 da aikinsu a jihar nan, malami in ya ji an ce ya fito gaba a ga abin da ya iya, gabansa faɗuwa yake. Ki rubuta musu tun a takardar gayyata cewa babu maki, babu rahoton da za a kai ko'ina.

Malamar Tudun Wada:

Baba, Hajiya, da ku 'yan uwana, Allah ya biya ku. Na karanta wa kwamitinmu duk abin da kuka rubuta, mun yi muhawara sosai a kan saɓanin Ɗan Edita da yayanmu na Samaru, ga inda muka tsaya.

Kwana biyu da rabi na wasa ne. Yammacin rana ta uku Ɗan Edita zai karɓe mu, kowane rukuni ya ɗauki fitowa ɗaya tak daga wasan da ya riga ya gina, sau uku yadda ya ce, da tafin hannu da komai. Tacewa da sauran aikin fim mun ɗaga su zuwa hutun Disamba, kuma ba mai shiga ta Disamba sai wanda ya yi wasan minti biyar da ajinsa a zangon farko. Asabar ɗin farko ta kowane wata za mu haɗu, kowa ya faɗi abin da ya yiwu da abin da ya gagara. Sai muna da abin nunawa a hannu za mu nemi SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da cibiyar NTI, tunda hedikwatar NTI tana nan Rigachikun kuma horar da malamai ne aikinta tun 1976. Wata a cikinmu ma har ta fara maganar bikin finafinai na Kaduna da ake yi tun 2018, na ce mu ga Disamba tukuna.

Saura abu guda da na rasa yadda zan yi da shi. Ajina yara sun haura tamanin, bencina a cushe ba wurin turewa, darasin kuma minti arba'in ne. Abin da za mu koya mu ashirin da huɗu a zaure mai faɗi, yaya zan shigar da shi wannan ajin?

Baba Mai Rediyo:

'Yata, kada ki yi shi a cikin ajin. Ki fitar da su gindin bishiya, su zauna a da'ira layi biyu, na gaba a ƙasa, na baya a tsugune. Ki raba su rukuni takwas tun farkon zango, kowane rukuni da shugabansa, a maƙala sunayen a bango don kada a ɓata lokaci wurin rabo. A kowane darasi rukuni biyu ne za su yi, minti biyar-biyar, sauran lokacin na gyara ne da jin ta bakin masu kallo. Cikin wata guda kowa ya fito. Gwajin wasan a lokacin tara za su yi shi da kansu, ba sai kina wurin ba. Ki kuma roƙi firinsifal ya haɗa miki darasi biyu a jere, ya sa su kusa da tashi, don hayaniyar kada ta dami maƙwabtan aji. A bitar ma ku gwada haka: ku fita tsakar makarantar, ku aro yaran unguwa da izinin iyayensu, kowane malami ya riƙe su na minti goma a gani.

Ranar farko zan zo da kaina in Allah ya kai mu. Ki turo wanda zai ɗauko ni da ƙarfe takwas, ƙafar ba ta son hawa babur yanzu. Igiya da zannuwan gado biyu ku tanada, tiren yashin ni zan zo da shi.